Jan layin TDR da bututun kabon

Mutane da yawa idan suka ji zancen fasahar nano sai hankalinsu ya tafi Japan ko Amurka. Ni da ke aikin labo a wata ƙaramar likita nan Maradi, kullum tana hannuna, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ke cika mana benci da uwaye goye da yara. A soki yatsa, a ɗiga jini a TDR, wato ɗan abin gwajin gaggawa na masassarar cizon sauro, a zuba ruwan gwaji, a jira minti 15 zuwa 20. Jan layin nan da ke fitowa, wanda uwa ke leƙowa tana cewa "Malam, akwai palu?", galibi zinariya ce. An mayar da ita ƙwayoyi masu girman nanomita 20 zuwa 40, kuma idan ta ƙanƙance haka ja take komawa. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kai guda ya kai wajen nanomita 80,000.

TDR ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu, amma na san inda yake gazawa. Yawancinsu wani furotin mai suna HRP2, wanda ƙwayar cutar ke fitarwa, suke nema. Idan ƙwayar cutar ba ta yi yawa a jini ba, layin sai ya fito dishi-dishi, ni da majo, shugaban likitar, mu kai shi bakin taga muna juya shi cikin haske, ina cewa akwai, yana cewa babu, ga yaro jikinsa rau da zafi. Furotin ɗin kuma yakan yi makonni a jini bayan an warke. Mafi muni, akwai ƙwayoyin cutar da ba su yin sa sam: an fara ba da rahotonsu a Peru a 2010, Eritiriya kuwa sai da ta sauya irin TDR ɗinta a 2016.

Abin da ya sa nake bin labarin bututun kabon ke nan. Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ne ya bayyana shi ga duniya a 1991. Shimfiɗar kabon ce mai kaurin atom guda, a naɗe kamar tabarma, faɗin mai bango ɗaya bai wuce nanomita 1 zuwa 2 ba. Tunda ba shi da ciki, kowane atom nasa a fili yake, don haka duk abin da ya manne masa sai wutar da ke bi ta cikinsa ta sauya. A 2000 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna yana jin iskar amoniya ko da kaɗan ce. To idan aka ɗaura masa antikor, wato sinadarin garkuwar jiki mai kama furotin na palu, maimakon layin da za a yi ta gardama a kai, lamba za a karanta. Ni wannan lambar nake so.

 

Sai dai da sauran aiki. Wajen kashi ɗaya cikin uku na bututun da ake ƙerawa halin ƙarfe gare su, ba su da amfani a irin wannan gwaji, sai an tace su. Gishirin da ke cikin jini kuma yana rufe alamar da ake son ji, shi ya sa abin da ya yi kyau cikin ruwa mai tsabta yakan ba da kunya cikin jinin mutum. Ga namu na gida: a watan Afrilu zafi ya wuce digiri 40, wuta ta ɗauke, antikor kuwa ba ya shiri da zafi. Zan so in ga ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo sun riƙe wannan tambaya ta zafi da ƙura, domin a nan ake da su.

Akwai kuma batun shara. A 2014 hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sa wani nau'in bututun mai bango da yawa cikin abubuwan da ka iya jawo kansa. Mu kuwa kayan gwajin da muka gama da su a bayan likita ake ƙona su, gidajen mutane na kewaye. Duk wanda zai kawo mana sabon gwajin, ya zo mana da bayanin yadda za a zubar da shi.