Tarihin Rayuwata, Kashi Na Tara: Farin Ruwan Da Aka Ƙara Mini

A makon jiya na tsaya da labarina a ranar da gwajin jini ya nuna cewa dashen ɗan tayi na uku, wato ɗan tayin da likitoci ke haɗawa a asibiti su sa a mahaifa, bai kama ba. Da muka koma asibitin a Abuja, likita ya ce tunda ƙwayayena masu kyau ne kuma mahaifata ba ta da matsala, yana zargin garkuwar jikina ce take ɗaukar ɗan tayin a matsayin baƙo, ta hana shi zama.

Ya rubuta mini ƙwayar Prednisolone domin kwantar da garkuwar, da kuma ƙarin ruwan Intralipid, wanda fari ne fat kamar madara, ana haɗa shi da man waken suya da sinadarin gwaiduwar ƙwai, kuma asalinsa abinci ne da ake ba marar lafiya ta jijiya idan ba ya iya ci. Ban yi tambaya ko ɗaya ba, domin macen da ta shekara goma sha ɗaya tana jiran haihuwa ba ta musu da duk wanda ya nuna mata hanya. Na sayar da sarƙar da mahaifiyata ta bar mini, na kwanta ina kallon ruwan yana ɗiga ina salati. Cikin makonni kaɗan fuskata ta kumbura, barci ya ƙaurace mini, har surukata ta ce, "'Yar nan, ko an dace ne?" Na sunkuyar da kai, don na san aikin magani ne. Dashe na huɗu ma bai kama ba.

Wata likita a Kano ce ta zaunar da mu ni da maigidana, ta ce, "Hajiya, zan gaya miki gaskiya." Ta bayyana cewa HFEA, hukumar da ke kula da fannin taimakon haihuwa a Birtaniya, ba ta ga isasshiyar hujjar cewa waɗannan magunguna suna ƙara samun haihuwa ba. Wallahi na so a ce an faɗa mini haka kafin in rabu da sarƙar.

Sai ta tambaye ni game da ɓari biyu da na yi a farkon aurenmu, abin da ba wanda ya taɓa zurfafa bincike a kansa, ta ce akwai ciwon garkuwar jiki da ke sa jini daskarewa, wanda ake magancewa da asfirin da allurar Heparin. An ɗebi jinina a ranar, kuma ta ce ko sakamakon ya nuna ciwon, sai an maimaita bayan mako 12 kafin a tabbatar. Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, zan faɗi abin da takardar farko ta nuna.