Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Rajistar Koci

Assalamu alaikum masu bibiya. A makon jiya mun tsaya a inda Baba ya amince in riƙa zuwa filin ƙwallo bayan la'asar, da sharaɗin kada a kira magariba ina waje. Yau kuma zan tsaya a kan mutumin da ya karɓe ni a filin, wanda duk unguwarmu a Kano ba a kiransa da wani suna sai Koci.

Malamin motsa jiki ne a wata sakandaren gwamnati, daga baya ya koma wata kwalejin ilimi. Ya sha gaya mana cewa a 1985 ya fara tara yara, shekarar da Golden Eaglets, tawagar matasan Nijeriya, suka doke Jamus ta Yamma 2-0 a ƙasar Sin, suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙarƙashin Sebastian Brodrick. Tun daga lokacin bai bar fili ba. Da safe aji, da yamma ɗaliban kwaleji da yake shiryawa don gasar NICEGA ta wasannin kwalejojin ilimi, sauran ranaku kuma mu 'yan unguwa da muke buga ƙwallo ba takalmi.

Yana da wata doguwar rajista mai baƙin bango. Duk yaron da ya zo, sai ya rubuta sunansa da ajinsa da shekarar haihuwarsa, kuma ba daga bakin yaron yake ɗauka ba. Gidanku zai je. Na tuna ranar da ya zo namu, ya cire takalmi a soro ya gaida Baba, ya ce, "Alhaji, yaushe aka haifi yaron nan?" Baba ya ce, "Malam, sai dai a tambayi uwarsa." Aka aika ciki, Inna ta fito da katin asibiti daga ƙasan akwati. Abin da ke katin shi ya shiga rajista, kuma har na daina wasa bai sauya ba. Ƙarshen kowane zango kuma sai ka kawo masa sakamakon jarrabawa. In ka faɗi, ka ajiye jesi sai ka gyara, ko da kai ne gola kuma babu wani.

A wancan zamanin wannan rajista ta jawo masa asara mai yawa. Ana shirin gasar Ramat, wadda ƙungiyar wasannin matasa ta ƙasa, YSFON, ke shiryawa a Kano don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad, za ka ga yaranmu na gaskiya sun tsaya a layi kusa da wasu da aka aske wa gemu da safe. Kullum ana ture mu a wajen zaɓe. Mu yara muna jin haushi, wasu iyayen ma suka kwashe 'ya'yansu suka kai inda ake rage shekaru da takardar rantsuwa. Wani dillalin 'yan wasa ya taɓa zuwa har fili, ni ina tsaye ina tattara ƙwallaye, ya ce zai fitar da ɗan wasan gabanmu waje in an zaftare masa shekara huɗu a fasfo. Koci ya ce, "Ɗan'uwa, ranar da ƙafarsa ta gaji tun takarda na cewa yaro ne, wa zai riƙe shi? Kai ko ni?" Mutumin ya tada babur ya tafi.

Sai ga 2009. A lokacin na girma, ina taya shi horar da ƙanana. Nijeriya ce ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, Kano na cikin garuruwan da aka buga wasa, a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A wannan gasar ce FIFA ta shigo da gwajin MRI. Ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu, in an ga mahaɗar da ƙashin ke girma ta gama rufewa, to kusan tabbas mutum ya wuce 17. Kafin a fara gasar aka sallami 'yan wasa da dama daga sansanin Nijeriya. Duk da haka yaran da suka rage sun kai wasan ƙarshe a Abuja, inda Switzerland ta ci su 1-0. Daga nan ne masu neman yara suka fara sallama a filinmu, suna tambayar Koci ko yana da ɗan 15 na gaskiya. Sai ya buɗe rajista kawai.

A 2013 tare muka kalli wasan ƙarshe na gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a gidan kallo, lokacin da Manu Garba, ɗan Gombe, ya kai Eaglets ga nasara a kan Meziko da ci 3-0 a Abu Dhabi. Da kyaftin Musa Muhammed ya zura ta uku da bugun tazara, Koci ya miƙe tsaye yana hamdala, hawaye na zuba. Babu yaronsa ko ɗaya a tawagar, amma ganin ɗan Arewa a kujerar koci da yara masu kama da yara a fili ya ishe shi.

Ni dai a ganina ba a yi wa irin su adalci. Ana lissafa koci da kofuna, shi kuwa nasa ba su cika kanta ɗaya ba. Amma cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai malaman firamare da suka samu NCE saboda ya hana su barin aji, akwai alƙalan wasa, akwai masu horar da yara a unguwanni daban-daban, kuma kusan kowannensu yana da tasa rajistar. Har ya yi ritaya, da albashinsa yake sayen ƙwallo da usur. Allah ya saka masa da alheri, ya ƙara masa lafiya.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda ya sa ni na cike fom ɗin shiga kwaleji ina shirin tafiya Legas gwajin ƙwallo, da irin rigimar da hakan ta haifar tsakanina da yayana.