Tarkon walƙiya a sararin Yamai

Damina uku ke nan ina bin walƙiya da kyamara a Yamai, kuma abin da na fara ganewa shi ne hannun ɗan Adam ba ya riga ta, domin kafin yatsa ya taɓa maɓalli ta riga ta wuce. Sai dai a ɗana mata tarko a jira.

Da dare tarkon ba shi da wuya. Nakan kafa kyamara a kan matokari mai ƙafa uku, in sa ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) da f/8 (faɗin ƙofar da haske ke shiga), in daidaita gilashin da hannu zuwa can nesa, sannan in bar idonta a buɗe har daƙiƙa 20 ko 30. Duhu ba ya barin alama a hoto, don haka duk walƙiyar da ta keto cikin wannan ɗan lokaci ita ce za ta zana kanta, tare da fitilun Gadar Kennedy a ƙasanta.

Hoton rana ne ya fi shiga raina, shi ne kuma ya fi ba ni wahala. Idan aka bar idon kyamara a buɗe da rana, hoton zai fito fari fat, sai an rufa masa gilashi mai duhu wanda ke rage haske, ko a haɗa ƙaramar na'ura mai jin walƙiya ta danna da kanta. Na'urar tana cin nasara ne saboda abin da muke gani walƙiya guda, sau da yawa bugu uku ne ko huɗu da ke bin hanya ɗaya a jere. Na farko ya tashe ta, na baya su shiga hoto.

Dalilin wannan naci kuwa hadarinmu ne. Yakan taso daga gabas da jar ƙura a gabansa kamar katanga, kuma wanda ya tsaya a ɓangaren Harobanda, unguwar da ke ƙetaren kogin Neja, da la'asar zai ga birnin duka da kogi a ƙarƙashin hadarin, launin da dare ke ɓoyewa.

Ina ƙirga tazarar da ke tsakanin walƙiya da tsawa, kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita guda ke nan. Da ta gaza daƙiƙa 30 nakan naɗe kayana in shiga mota in rufe gilasai. A watan Agustan bara haka na bar bakin kogi ba tare da hoto ko ɗaya ba, ina kallon aradu tana sauka a kan tsaunukan da ke bayan Harobanda.