Abin da na tuno a bakin gadon Baba

Jiya ina aikin dare a ɗakin maza, wani dattijo da aka yi wa tiyata ya kasa runtsawa. Na auna jininsa, lafiya lau. Ruwan da aka ɗaura masa yana sauka daidai. Har na juya zan fita sai ya ce, "'Yata, ɗan dakata mana." Na jawo kujera na ce, "Baba, me ke damunku?" Ashe tsoro ne ya hana shi barci, gani yake ba zai wayi gari ba.

Ina zaune riƙe da hannunsa sai Jean Watson ta faɗo mini a rai. Malamar jinya ce 'yar Amurka, an haife ta a 1940. A littafinta na 1979 ta kafe kan cewa kulawa da mutum ita ce ginshiƙin aikinmu, allura da magani a kanta suke hawa. Ta shugabanci makarantar jinya ta Jami'ar Colorado, ta kuma kafa cibiyar nazarin kulawa a can. Muna ɗalibai haddace abubuwa 10 da ta zayyana a kan kulawa da majinyaci kawai muka yi don jarrabawa, wallahi ban gane nauyinsu ba a lokacin.

Abin da ya fi taɓa ni, a 1997 ta rasa idonta na hagu a wani haɗari, a 1998 mijinta ya rasu. Mai koyar da jinya ta koma ita ake jinya.

Baba ya yi ta ba ni labarin gonarsa da jikokinsa. Wajen ƙarfe 3 barci ya ɗauke shi, na zare hannuna a hankali.