Aikinmu a Bangon Dam Ɗin Lakar Zinariya

A ƙasar Gana, wanda ya saba bin hanyar Obuasi, ko ya gangara Tarkwa, ko ya nufi Kenyasi a yankin Ahafo, ya sha ganin wasu dogayen tuddai masu shafaffen kai, ciyawa ta rufe gefensu kore shar. Da yawa daga cikinsu hannun mutum ne ya tara su. Bango ne, abin da ke bayansa kuwa laka ce jiƙe da ruwa, miliyoyin tan. Tan guda na dutsen da ake haƙowa, zinariyar da ke cikinsa ba ta wuce 'yan giram kaɗan ba. Ana niƙe dutsen ya yi laushi fiye da yashi, a gauraya shi da ruwa da farar ƙasa da sinadarin sayanaid, a tsame zinariyar, ragowar kuma a tura ta bututu zuwa bayan wannan bango. A Obuasi ma dutsen yana ɗauke da gubar asanik tun daga cikin ƙasa. Dam ɗin ruwa sau ɗaya ake gina shi a gama, amma na laka ana ta ƙara masa tsayi muddin ana haƙa, kuma ranar da aka rufe ma'adinin aka kwashe injuna, lakar tana nan ba inda za ta.

A jikin irin wannan bango ƙaramin kamfaninmu yake cin abinci. Yadinmu yana Kumasi, ɓangaren Aboabo, kuma yawancin yaran aikinmu 'yan Zango ne da na horar da kaina. Ba mu ke zana dam ba, wannan aikin manyan injiniyoyi ne. Namu shi ne haƙa ramuka mu dasa bututun awon ruwa, wanda a wurin aiki ake kira fizomita, mu shimfiɗa magudanan ruwa a gindin bango, mu kuma gwada daɓen ƙasa idan ana ƙarin tsayi. Ƙananan 'yan kwangila ne mu, amma lambar da babban injiniya zai duba a ofis ya ce bango lafiya lau yake, daga bututun da muka dasa ta fito.

Abin da ke kayar da dam ɗin laka, mafi yawan lokaci, ruwan da ke cikin jikin bangon ne, wanda ido ba ya gani. Ƙasa tana da ƙarfi ne saboda ƙwayoyinta suna danne juna. Idan ruwa ya cika tsakaninsu ya ɗauke wani kaso na nauyin, riƙon sai ya yi sako-sako. Shi ya sa tambayar farko ta duk wanda ya san aikin ita ce: ruwa ya kai ina a cikin bango, kuma hawa yake yi ko sauka?

Dasa bututun da zai amsa wannan tambaya da gaskiya shi ne abin da nake alfahari da shi. Mukan haƙa rami zuwa zurfin da injiniya ya rubuta, muna rubuta irin ƙasar da ke fitowa a kowace mita. Mu wanke ramin har ruwan da ke dawowa ya yi garau. Sannan mu zura bututun roba wanda ƙarshensa kaɗai ke da ƙananan tsagu, mu zuba wankakken yashi ya kewaye wannan ƙarshen, kaɗan-kaɗan, ana zubawa ana aunawa da igiya mai nauyi a baki, don kada yashin ya maƙale a tsakiyar rami ya bar kogo a ƙasa. A kan yashin sai ƙwayoyin bentonait, wani irin yumɓu da ke kumbura idan ya sha ruwa ya toshe ramin ruf. A nan ake gane mai haƙuri, domin sai an jira ya kumbura sosai kafin a ɗura kwaɓin siminti daga ƙasa zuwa sama ta cikin tiyo. Daga nan murfin ƙarfe mai kwaɗo, da lamba a jiki. Ba na barin wurin sai mun zuba ruwa a bututun mun ga yadda yake sauka da agogo a hannu. Wanda ya ƙi sauka a toshe yake, wanda ya zube nan take inda bai kamata ba yana yoyo, kuma duka biyun ba na miƙa su. Na zamani mai waya a ciki, wanda ke aika lamba kai tsaye zuwa kwamfuta, shi ma yana da nasa ladabin: a jiƙa kansa har iska ta fita duka, a ɗauki lambar farko kafin a saka shi, a ajiye takardar gwajin masana'anta, a kuma yi masa kariyar tsawa, don aradun daminar Asante ba ta barin na'ura.

To, a nan ne 'yan araha suke ɓata mana sana'a. Mutum zai ari injin haƙa rijiyar burtsatse, ya buga kati, gobe ya ce shi ma yana dasa fizomita. Ya haƙa rami, ya jefa bututu, ya tura ƙasar da ya tono ta koma, ya shafe saman da siminti mai kyan gani. Babu bentonait, babu gwaji. Ruwan sama yana bin gefen bututun ya sauka, lambar da ake karantawa ba ta da alaƙa da abin da ke faruwa a cikin bango. Wani ɗan kwangila ya taɓa ce mini, "Alhaji, kuɗinka ya yi yawa, ga wanda zai yi da rabi." Na ce masa, "Maigida, rabin da ya rage maka shi ne yumɓun da ba zai saka ba, da jiran da ba zai yi ba." Gara a ce babu bututu sam, kowa ya san bai sani ba, da a ce akwai wanda ke kwantar da hankali alhali ruwa yana hawa.

Ni ma a haƙar rijiyar burtsatse na fara, ina saurayi, a hannun wani dattijo Bazabarme da ya yi shekaru yana haƙa a arewacin Gana kafin ya zauna Kumasi. Allah ya jiƙansa da rahama. Duk mita ɗaya da injin ya ci, sai ya sa mu ɗebi abin da ya fito mu jera a ƙasa tsibi-tsibi. Idan aka tashi aiki, mu yara hankalinmu yana kan wakye, shi kuwa sai ya tsuguna ya jiƙa kowane tsibi, ya murza a tafin hannu, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, faɗa mini, wannan zai riƙe ruwa ko zai sake shi?" Idan ƙasar ta murzu ta yi siririn zare ba ta karye ba, yumɓu ne. Idan ta yi gurus-gurus ta watse, yashi ya fi yawa. Daga baya na shiga ɗakin gwajin ƙasa a matsayin mai taimako, tare da samarin da suka yi karatu a jami'ar ma'adinai ta Tarkwa da jami'ar Kwame Nkrumah ta nan Kumasi, na koyi rariya da ma'auni da tanda. Lambobinsu sun zo daidai da abin da hannun tsohon nan yake faɗa. Kuma ba ƙaramin abu ba ne sanin abin da ke ƙasa: dam ɗin Mount Polley a Kanada da ya fashe a watan Agusta na 2014, masu bincike sun gano wani shimfiɗin yumɓu mai rauni ne a ƙarƙashin gindinsa, wanda ba a yi lissafinsa yadda ya kamata ba tun wajen zane.

Sai maganar yashi, wadda ita ce ciwon kaina na kullum. Magudanar gindin bango aikinta ta bar ruwa ya fita ta hana ƙasa bin sa, kuma yashin tacewa ne ke yin wannan. Ƙa'idar da aka saba ita ce garin da ke wuce rariya mai ido 0.075 na milimita kada ya haura kashi 5 cikin 100. Yau ka je ka nemo irin wannan yashin. Galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, ta dama kogunan Offin da Pra da Ankobra da Birim, abin da ake ɗebowa a bakin kogi rabinsa taɓo ne. Mai tifa zai kawo samfuri mai kyau a leda, a daidaita, tifa ta farko ta zo daidai, ta uku kuma yashi mai kyau a sama, taɓo a ciki. Shi ya sa yarana suke zura shebur har tsakiyar lodi kafin a juye. Muna da gwajin da ba ya bukatar ɗakin gwaji: a cusa jiƙaƙƙen yashin a ƙaramin kofi, a kife shi a faranti, a zuba ruwa a gefe a hankali. Yashin kirki zai rushe nan da nan. Wanda ya tsaya ƙyam yana da danƙo, kuma yashi mai danƙo, idan bango ya tsage, shi ma tsagewa zai yi ya buɗe wa ruwa hanya. Na sha mayar da tifa cike, direba yana ta faɗa, kuma zan ci gaba.

Masu ganin kamar mun cika tsanani, su tuna Burumadinyo a ƙasar Birazil. Ranar 25 ga Janairu, 2019, da tsakar rana, dam ɗin lakar ƙarfe mai tsayin mita 86 ya rushe cikin daƙiƙoƙi. Ma'aikata suna ɗakin cin abinci a ƙasan dam ɗin, jiniyar gargaɗi ba ta yi kuka ba, mutum 270 suka rasu. An daina zuba laka a cikinsa tun 2016, kuma 'yan watanni kafin nan an sa hannu a takarda cewa yana tsaye daram. Ruwa ne ya yi yawa a jikinsa, lakar da ake gani kamar busasshiyar ƙasa ta juye ta zama kamar koko, ta kwarara. An gina shi ne da dabarar da ta fi kowace araha, inda kowane sabon hawa ake ɗora shi a kan lakar da aka riga aka zuba. Bayan wannan masifa Birazil ta haramta irin wannan gini. Wanda ake ƙara wa tsayi ta waje, a kan tsayayyar ƙasa, yana cin ƙasa da kuɗi sosai, amma gindinsa a kan abin da aka daɓe aka gwada yake.

Daɓen kuwa, tun ran gini tun ran zane. Jar ƙasar nan tamu tana da kyau ƙwarai idan an kama damshinta daidai, a baza ta kaurin da bai wuce santimita 30 ba, rola ta bi ta, mu haƙa ɗan rami mu auna mu ga ko ta kai kashi 95 cikin 100 na abin da gwaji ya nuna. Wadda ta gaza a kankare a sake.

Damina ita ce lokacin da ba na barci sosai. Daga Afrilu zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Nuwamba, sama tana iya sakin ruwan da zai cika tafkin da ke kan lakar cikin dare ɗaya. Dole tafkin ya zauna can nesa da bango, busasshiyar laka mai faɗi ta raba su, famfon mayar da ruwa masana'anta yana aiki, mafitar ambaliya a share. A Merriespruit ta Afirka ta Kudu, a Fabrairun 1994, tafkin ya matso jikin bango, aka yi ruwa mai ƙarfi da yamma, ruwa ya haura, bango ya ɓalle cikin dare a kan gidajen mutane, 17 suka rasu. Lakar zinariya ce, irin tamu. Don haka bayan kowane babban ruwa yarana sukan taka gindin bangon da ƙafa, ba a mota ba. Suna neman tsaga a saman bango, da wurin da ya kumbura a ƙasa, da inda ciyawa ta fi ta kewaye kore a lokacin rani, da ramin gara ko na gafiya. Ruwan da ke fita daga magudana sukan tara a kwalba su ɗaga wa rana. Garau, alhamdu lillahi. Idan ya yi duhu-duhu, ƙasar bango ce yake ɗebowa, kuma wannan ba ya jiran rahoton ƙarshen wata, a take ake buga waya.

Doka tana nan. Ƙa'idojin lafiya da tsaro na ma'adinai na 2012, L.I. 2182, sun ba sufetocin Hukumar Ma'adinai ikon duba waɗannan wurare, ga kuma hukumar kare muhalli. A Agustan 2020 an fitar da ma'aunin duniya na kula da lakar ma'adinai, da hannun sashen muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya raba dam hawa 5 gwargwadon ɓarnar da zai yi idan ya fashe, ya ce kowane dam ya kasance da injiniya takamaimai da ke ɗauke da alhakinsa, kuma a zauna da mutanen da ke ƙasan dam a tsara yadda za su tsira. Wannan na ƙarshen ya fi taɓa ni. Kusan duk garin ma'adinai a ƙasar nan yana da Zangonsa. 'Yan'uwanmu ne ke sayar da koko da ƙosai a bakin get, su ke noma a fadamun da ke ƙasa. Haƙƙinsu ne su san ƙarar jiniya, su san tudun da za su nufa, kuma sarakunan Zango da limamai su tambaya a gaya musu.

Masu ƙananan ma'adinai da ke da lasisi, ku ma kuna da tafkunan laka, ko da ba su kai na manyan kamfanoni ba, kuma galibi eskabeta ce kawai ta tura ƙasa aka kira shi bango. Muna zuwa mu duba, mu auna, mu nuna inda za a buɗe mafitar ruwa da inda za a sa magudana, abin da ya fi ƙarfinmu kuma mu haɗa ku da injiniya mai rajista. Gara ku neme mu tun cikin rani, kafin ruwan Afrilu, lokacin da injin haƙa zai iya hawa bango ba tare da ya kafe ba. Mai son kawo mana yashi kuma ƙofa a buɗe take, mu dai za mu je mu ga inda ake ɗebowa da idonmu, kuma kowace tifa sai shebur ya shiga tsakiyarta kafin a sauke.