Abin da Katangar North Ronaldsay Ta Koya Min

A shekarata ta biyu ina karatun kiwon dabbobi a Sikotland, na bi 'yan sa-kai zuwa North Ronaldsay, tsibirin da ke can ƙarshen arewacin Orkney, wato rukunin tsibiran da ke arewa da Sikotland, don gyaran katangar tumaki. Na tafi ne da tunanin ɗaukar dutse kawai zan yi.

An gina katangar a 1832. Ta zagaye tsibirin kaf, kusan kilomita 20, tsayinta ya kai na namiji a tsaye, kuma babu siminti ko laka a jikinta. Kafin nan mutanen wurin suna ƙona ciyawar teku su sayar da tokar ga masu yin sabulu da gilashi. Da kasuwar ta mutu, sai aka koma ga noma da shanu, aka kora tumaki bakin ruwa, aka tare su da dutse. Tun daga lokacin ciyawar teku suke ci. Idan ruwa ya janye su sauka kiwo, ko da tsakar dare ne, idan ya dawo su kwanta tuƙa.

Ranar farko na dage na cike kowace kafa da ƙananan duwatsu, ina ganin na iya. Wani dattijo ya zo ya tsaya a kaina, ya zare su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ɗana, bar wa iska hanya. In ka toshe mata, da katangar za ta tafi." Ya ɗauki dutse guda, ya juya shi sau uku a hannu, ya ɗora shi a kan mahaɗar biyu na ƙasa, ya zauna daram. Na leƙa ta ramukan ina hango teku. Wannan gyara ya shige ni sosai, domin a aji ma haka nake, ban iya barin komai a buɗe ba, sai na cusa masa amsa.

Tumakin kuma sun koya min wani abu. Jikinsu ya saba da abincin da sinadarin jan ƙarfe ke wuyar samu a cikinsa, don haka sun ƙware wajen tsotse shi. Idan aka bar su a kan koren ciyawa ba lissafi, sinadarin kan taru a hanta ya kashe su. Da an tambaye ni a da, da na ce a tausaya musu a shigo da su gona.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Kotun Tumaki, majalisar mutanen tsibirin mai kula da tumaki da katangar, wadda aka kafa a 1839. Ita ke raba wa kowane mai tumaki rabonsa na gyara, kamar dai aikin gayya a wajenmu. Yanzu mazauna tsibirin ba su kai ɗari ba, da yawansu tsofaffi, kuma guguwar Disamba 2012 ta rusa wurare masu yawa. Duwatsun suna nan zube a bakin ruwa, hannun da zai ɗaga su ne ya yi ƙaranci.

Kwana biyar muka yi, ni da wasu mutum huɗu, ba mu tada fiye da 'yan taku ba. Ranar da zan hau jirgi na koma na dafa wurin da hannu biyu, na jijjiga. Bai motsa ba.