Jinyar Kofaton Tsohon Akawal ɗinmu

Dokin da mahaifinmu ya bar mana akawal ne, wato baƙin doki, kuma shekarunsa sun haura 20. Ranar da muka dawo daga hawan Sallar Gani na bara a nan Daura, na lura yana taka ƙafar gaba ta dama da ɗar-ɗar, musamman inda muka hau kwalta. Da muka ɗaure shi a turke na ɗaga ƙafar, sai na tarar bakin kofaton ya ɓarɓashe kamar gefen tsohuwar ƙwarya, ga kuma tsaga ta nufi sama.

Gaggawa ta sa na kira wani ya buga masa takalmi a satin. Ba a yi kwana goma ba takalmin ya fita, ya tafi da wani yanki na kofaton, muka koma baya fiye da inda muka fara. Daga nan ne aka haɗa ni da wani dattijon maƙeri daga Katsina, wanda ya daɗe yana yi wa dawakin folo, wato wasan ƙwallon dawaki, aiki. Ya daɗe yana ƙwanƙwasa kofaton da bayan guduma kafin ya ce, "Alhaji, ruɓaɓɓen katako ba ya riƙe ƙusa." Na ce, "To Baba, yaya za a yi?" Sai ya fara yanke duk inda ya mutu, ya goge bakin har ya zama babu kaifi, ya rage tsawon gaba domin kada nauyi ya ci gaba da buɗe tsagar. Takalmi mara nauyi ya sa, a ƙafafun gaba kawai tunda su ne suke ɗaukar mafi yawan nauyin doki, ya yi amfani da ƙusoshi sirara kuma kaɗan, ya kauce wa tsofaffin ramuka. Sharaɗinsa shi ne a cire a gyara duk bayan mako shida, ko da takalmin bai motsa ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne kofato daga sama yake tsirowa, daga inda gashi ya ƙare, kuma abin da yake ƙaruwa a wata bai wuce milimita 6 zuwa 10 ba. Kafin sabon kofato ya sauko ƙasa gaba ɗaya sai an yi wata 9 zuwa 12, a tsohon doki ma yakan fi haka jinkiri. Ke nan takalmi yana kare abin da ya rage ne kawai, ingancin wanda zai fito kuwa yana hannun abin da dokin yake ci.

Likitan dabbobi da ya zo bai fara da ƙafa ba, baki ya buɗe. Haƙoran tauna sun cinye, gefensu ya yi tsini yana yankar kumatu. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa muke ganin ƙwayoyin dawa ɗungurungum a cikin kashinsa, da dunƙulen harawa da yake taunawa ya zubar a gindin turke. Muna zuba abinci, jikinsa ba ya amfana. Ya goge tsinin haƙoran, ya ce a riƙa ɓarza hatsin ana jiƙa shi, a raba shi sau uku a yini. Ya kuma sa muka rage dusa, wadda da ita muka fi dogara saboda arha, domin sinadarin fosfaros ya yi mata yawa, yana hana jiki cin moriyar kalsiyam. Muka ƙara harawar wake da ta gyaɗa mai ganye, tunda kofato da furotin ake gina shi, sannan ya rubuta mana garin ƙari mai ɗauke da bayotin, wani nau'in bitamin, miligiram 20 a kullum, tare da sinadaran zinki da jan ƙarfe. Ya ja kunnena ƙwarai kan kada tausayi ya sa in cika masa hatsi lokaci guda, saboda hakan na iya jawo kumburin cikin kofato, ciwon da ya fi wanda muke jinya muni nesa ba kusa ba.

Sauran aikin na barga ne. Fitsari da kashi suna jiƙa kofato da damina, sanyin hunturu ya zo ya busar da shi, kuma wannan jiƙewa da bushewa ne suke tsattsaga shi. Mun zuba sabon yashi, ana kwashe kashi safe da yamma, ana sakace ƙarƙashin ƙafa kullum. Baƙin man inji da wasu suke shafawa kuwa na hana, don ban ga abin da yake yi ba ban da sheƙi.

Yanzu wata na bakwai ke nan. Idan ka durƙusa za ka ga layin da ya raba tsoho da sabo a tsakiyar kofaton, na sama sumul, na ƙasa da sauran tabon ƙusa. Baba maƙeri ya ce a hawan bana yaro mara nauyi ne zai hau shi, kuma daga ƙofar fada a juyo da shi gida ta hanyar yashi.